Su Wane Ne 'Yan Rotary, Kuma Me Suka Tsinana wa Kano?

"Assalamu alaikum Malam. A makarantar firamare ta unguwarmu akwai famfon burtsatse da aka manna wa wata alama mai kama da taya mai haƙora, an rubuta Rotary a jiki. Ina kuma ganin alamar a rigunan masu ɗigon shan inna. Wasu na cewa ƙungiyar masu kuɗi ce, wasu na cewa ta asiri ce. Su wane ne, tun yaushe suke Kano, kuma wane aiki suka yi? Ina tambaya ne don mu ma samarin unguwa muna son kafa ƙungiyar taimakon kai da kai. Sau biyu muna kafawa tana watsewa." Wani mai karatu daga Kano.

Wa alaikumus salam ɗan'uwa. Tambaya uku ka ƙunso a wuri ɗaya: asalin mutanen, abin da suka yi a Kano, da abin da ku za ku iya ɗauka a wurinsu. Ta ukun ta fi ja mini hankali, amma ba a isa gare ta sai an bi ta kan biyun farko. In faɗa maka tun da wuri, ni ba ɗan Rotary ba ne. Aikina da ƙungiyoyin unguwa ne da kuma sa ido a kan ma'aikatan riga-kafi, a nan hanya ta yi ta haɗa mu da su. Na zauna a tarukansu a matsayin baƙo, na kuma ga ayyukansu bayan an kwashe kujerun biki an naɗe rumfa, lokacin da ake sanin gaskiyar kowane aiki.

Inda abin ya samo asali

A birnin Shikago na Amurka aka kafa ta, ranar 23 ga Fabrairun 1905. Wani lauya ne mai suna Paul Harris ya tara abokansa uku, ɗaya dillalin kwal, ɗaya injiniyan ma'adinai, ɗaya tela. Harris tashin ƙauye ne, ya zo birni ya tarar ba wanda ya san wani, kewar zumunci ta dame shi. Ba don agaji suka fara haɗuwa ba. Abota suke nema da kuma abokin ciniki wanda za a amince da shi, suna zagaya ofisoshin juna suna zama. Sai a 1907 suka yi aikin gayya na farko, kuma ba wani abin tinƙaho ba ne: makewayi suka tsaya aka gina wa jama'a a tsakiyar birnin. A 1917 suka buɗe asusun tallafi, gudummawar farko da ta shiga cikinsa dala 26 da santi 50 ce. Wannan asusun ne daga baya ya zuba sama da dala biliyan 2 a yaƙi da shan inna.

Tsarin nasu ya kamata ka lura da shi, don a nan sirrin daɗewarsu yake. Kowane kulob cin gashin kansa yake yi. Bisa al'ada suna zama sau ɗaya a mako, rana ɗaya, wuri ɗaya, lokaci ɗaya. Kowa na biyan kuɗin ƙungiya daga aljihunsa, ba wanda ake biya albashi a cikin mambobi. Shugaba shekara ɗaya yake yi, daga 1 ga Yuli zuwa ƙarshen Yuni, ya sauka wani ya hau, kuma tun kafin ya sauka an san magajinsa. Suna ƙoƙarin kada sana'a ɗaya ta cika kulob, a samu likita, a samu lauya, a samu ɗan kasuwa, a samu malamin makaranta. Shekaru da yawa maza zalla ne, sai da wata shari'a ta kai kotun ƙolin Amurka a 1987, sannan a 1989 aka buɗe wa mata ƙofa a duk duniya.

Yadda ta zo Kano

Mutane da yawa suna mamaki idan suka ji cewa kulob ɗin Rotary na farko a Nijeriya ba a Legas yake ba. Na Kano ne, an ba shi takardar kafuwa a watan Afrilun 1961, watanni kaɗan bayan samun 'yancin kai. Legas da Ibadan sun biyo baya a cikin shekarar. In ka duba Kano ta wancan zamani ba abin mamaki ba ne. Jirgin ƙasa ya iso tun 1911, filin jirgin sama na Kano shi ne zangon jiragen da ke tsallaka Sahara tsakanin Turai da sauran Afirka, ga dalar gyaɗa, ga fatu da ƙiraga, ga manyan kamfanonin ciniki da bankuna, ga Kwarori da Turawa da 'yan Kudu da ke zaune a wajen ganuwa. Irin ƙasar da kulob ɗin 'yan kasuwa da ma'aikata ke tsiro a cikinta ke nan. Wannan asali ya bi ta har yau: a idon talakan cikin birni Rotary abin mutanen Nasarawa da Bompai ne, masu zama a otal suna Turanci. Wanda ya ce maka ƙungiyar masu hali ce bai yi ƙarya ba, don kuɗin shekara da na abincin zama ba kowa zai iya ba.

Daga wannan kulob na Kano ne aka samu baƙar fata ɗan Afirka na farko da ya shugabanci Rotary ta duniya baki ɗaya, wato Jonathan Majiyagbe, babban lauya da ya yi rayuwar aikinsa a Kano. Ya riƙe shugabancin daga Yulin 2003 zuwa Yunin 2004, ya rasu a 2023. Riƙe waɗannan shekarun a ranka, za mu dawo kansu.

Batun asiri kuwa, ba daga sama zargin ya faɗo ba. Wasu daga cikin mambobin farko a Amurka 'yan Firimasan ne, wata tsohuwar ƙungiyar asiri ta Turawa, kuma a 1978 Majalisar Fiƙihu ta Rabiɗa da ke Makka ta fitar da matsaya a kan Firimasan inda ta ambaci Rotary da takwararta Lions cikin ƙungiyoyin da take ganin suna da alaƙa da ita. Ba Musulmi kaɗai suka yi ɗari-ɗari ba, fadar Fafaroma ma ta hana limamanta shiga a 1951, daga baya ta sassauta. Su 'yan Rotary suna musanta wannan alaƙa, kuma akwai kulob-kulob nasu a Masar da Pakistan da Turkiyya da Indunusiya da Maroko. Abin da idona ya gani a tarukan da na halarta shi ne ƙofa a buɗe, baƙo na shiga, ana karanta rahoton kuɗi, ana cin tarar wanda ya makara, ana gardama a kan wace makaranta za a kai wa benci. Iyakar shaidata ke nan. Hukuncin shiga ko rashin shiga ba nawa ba ne, na malamai ne, ka kai wa malamin da ka yarda da iliminsa da tsoron Allahnsa.

Shan inna, inda aka gwada kowa

Babban aikin da ya haɗa Rotary da gidajenmu shi ne shan inna. Sun fara da yara miliyan 6 a ƙasar Filifin a 1979, a 1985 suka ƙaddamar da shirin PolioPlus, a 1988 Hukumar Lafiya ta Duniya da UNICEF da cibiyar yaƙi da cututtuka ta Amurka suka haɗu da su aka yi alwashin kawar da cutar daga doron ƙasa. A lokacin tana shanye yara kusan 350,000 duk shekara a ƙasashe 125. Wanda ya tashi a Kano ba sai an ba shi lissafi ba. Ya san guragun da ke bakin masallatai da mahaɗar tituna, ya san gidan da aka ce inna ta taɓa yaro, aka yi ta turare da rubutu ƙafa ba ta dawo ba.

To a daidai shekarar da mutumin Kano ya hau kujerar Rotary ta duniya, a shekarar ce Kano ta dakatar da ɗigon. Daga ƙarshen 2003 zuwa Yulin 2004 gwamnatin Malam Ibrahim Shekarau ta hana a yi, bisa zargin cewa an gauraya maganin da abin hana haihuwa. Wasu jihohin ma sun dakatar, amma Kano ta fi kowa daɗewa. Ba a dawo ba sai da aka yi gwaje-gwaje aka kuma kawo magani daga Indunusiya, ƙasar Musulmi. A lokacin dakatarwar da shekarun da suka biyo baya ƙwayar cutar ta tsallaka ƙasashe kusan 20, har Sudan da Yaman da ita Indunusiyar kanta, kuma a 2006 yaran da ta kama a Nijeriya sun haura 1,100. Har ta kai Saudiyya na ɗiga wa alhazanmu, manya da gemunsu, kafin su shiga.

Ba na cikin masu kiran mutanenmu jahilai a kan wannan. A 1996, lokacin annobar sanƙarau, kamfanin Pfizer ya gwada wani magani mai suna Trovan a kan yara a Kano. Cikin yara 200 da aka sa a gwajin 11 sun rasu, iyaye suka ce ba a nemi yardarsu ba, kamfanin ya musanta laifi, sai a 2009 aka yi sulhu da gwamnatin jiha a kan dala miliyan 75. Wanda maciji ya sara, in ya ga tsumma sai ya gudu. Sannan akwai tambayar da magidanta suka yi ta yi mana a zaure, wadda har yau ban ji wanda ya raina ta ya ci nasara ba: "Yaya za ku biyo mu har gida da maganin shan inna kyauta, wata bayan wata, amma yaro na zazzaɓi in na kai shi asibiti sai na sayi ko farasitamol?"

Bari in nuna maka yadda aikin yake a ƙasa. Da sassafe ake haɗuwa a ɗakin shan magani na mazaɓa, a ciro ƙanƙara a jera a akwatin sanyi, a ƙirga kwalabe. Mata ne ke shiga gida, don namiji ba ya wuce zaure. Ɗaya ta matse kumatun yaro ta ɗiga ɗigo biyu, ɗaya ta shafa tawada a farcen ƙaramin yatsansa na hagu, ɗaya ta rubuta, a fito a yi alama da alli a jikin ƙofa: yara nawa ke gidan, nawa aka samu, ko a dawo. A jikin kowace kwalba akwai ɗan tambari da ke canza launi in zafi ya taɓa maganin, in ya yi duhu an zubar ke nan. Gidan da aka ƙi, ba a gardama. A rubuta, da la'asar a dawo da mai unguwa. Sau da yawa mai unguwa ba ya ma yin dogon bayani, sai dai ya ce, "Malam wane, jikokina ma an ɗiga musu ɗazu," ya tsaya. Sai ka ga an shiga an fito da yara.

A cikin wannan hidima, ina 'yan Rotary? Ba su ne masu shiga gida-gida ba, wannan aikin ma'aikatan gwamnati ne da matan unguwa, kuma su ne suka biya farashi mafi tsada: a Fabrairun 2013 'yan bindiga suka kashe mata tara masu riga-kafi a Kano. Allah ya jiƙansu. Rotary kuɗi ta tara, na magani da na sanyaya shi da na zirga-zirga, har Gidauniyar Gates ta riƙa ninka musu kowace dala da biyu. Na biyu kuma, wanda ba a cika gani ba, mambobinta mutane ne da ke iya shiga ofishin gwamna ko fadar sarki su yi ta naci. Suna fitowa ranar ƙaddamarwa da rigunansu, suna bin tawaga suna duba yatsun yara, suna ɗaukar nauyin sabulu da alewar da ake ba iyaye da yara. Amma ƙofa ba ta buɗe sosai ba sai da sarakuna suka karɓi abin a hannunsu. Marigayi Sarkin Kano Alhaji Ado Bayero ya ɗiga wa yara da hannunsa a bainar jama'a, a 2009 aka kafa kwamitin sarakunan Arewa a ƙarƙashin Sarkin Musulmi Sa'ad Abubakar, umarni ya riƙa sauka daga hakimi zuwa dagaci zuwa mai unguwa. Su ma waɗanda cutar ta shanye suka fito a kan kekunansu, irin su Aminu Ahmad Tudun Wada da ƙungiyarsa masu ƙera kekunan guragu, suna cewa iyaye, "Ku dube ni." Daga baya aka amsa waccan tambaya ta zaure da sansanonin lafiya, inda ake duba zazzaɓi da gudawa a ba da magani tare da ɗigon.

A 2012 yara 122 cutar ta kama a Nijeriya, fiye da rabin na duniya. A Yulin 2014 aka samu na ƙarshe a Jihar Kano, a 2016 na ƙarshe a ƙasar baki ɗaya a Borno, sannan ranar 25 ga Agustan 2020 aka ayyana Afirka ta rabu da asalin ƙwayar. A shekarar ce mujallar Time ta sa Dokta Tunji Funsho, shugaban kwamitin shan inna na Rotary a Nijeriya a lokacin, cikin mutum 100 mafiya tasiri a duniya. Za ka ce to me ya sa har yanzu ake yawo da akwatin? Saboda akwai wani nau'in da ke ɓulla a inda yara da yawa ba su samu riga-kafi ba, kuma yankinmu na Arewa maso Yamma na cikin inda yake yawo.

Sauran ayyukan ba sai na ja su ba, irin waɗanda ka sani ne: rijiyoyin burtsatse, makewayi da benci a makarantu, kekunan guragu, gwajin ido da hawan jini, ba da jini, kai kaya gidan marayu. Wanda ya fi burge ni shi ne na lafiyar mata masu juna biyu, da 'yan Rotary na Zariya suka fara da takwarorinsu na Jamus a tsakiyar shekarun 1990, ya bazu zuwa asibitocin Kaduna da Kano, har da aikin yoyon fitsari. Abin da ya bambanta shi, sun sa asibitoci rubuta kowace haihuwa da kowace mutuwa, a zauna a duba dalili.

Inda suke da rauni

Canza shugaba duk shekara yana hana mutum ɗaya mallake ƙungiya, amma yana da illarsa. Kowane shugaba na son a ce ga abin da ya yi a shekararsa, don haka sabon aiki ya fi gyaran tsoho farin jini. Ba Rotary kaɗai ba, ciwon duk masu ba da tallafi ne. Na san wata rijiya da wata ƙungiya ta haƙa, ba sai na kama suna ba, aka yi biki da ɗaukar hoto. Da roba ɗaya ta cinye a cikin famfon, abin da kuɗinsa bai taka kara ya karya ba, sai aka zauna jiran waɗanda suka haƙa su zo su gyara, su kuma suna can sun yi gaba. Yara suka mayar da hannun famfon lilo. Ba wanda ya yi mugunta a ciki, ba a dai tsayar da wanda zai riƙe ba tun ranar farko. Rauni na biyu shi ne nisa. Mutumin da ke zuwa unguwa da mota sau ɗaya a shekara ba zai san cewa matsalar makarantar nan ba benci ba ce, rufin ne ke yoyo. Ita uwar ƙungiyar ta gane haka, shi ya sa manyan tallafinta, waɗanda ke farawa daga dala 30,000, ba ta bayarwa sai an nuna an zauna da mutanen wurin an ji buƙatarsu.

Ku kuma fa?

Taimakon juna ba Shikago ta koya mana ba. Muna da gayya, muna da 'yan agaji na Fityanul Islam da Jama'atu da Izala da ke tsaye a Idi da jana'iza da sansanin alhazai, a Nijar an yi ƙungiyoyin matasa na samariya. Zuciyar aikin muna da ita. Abin da ke kashe ƙungiyoyin samari a iya abin da na gani guda uku ne, kuma duk ukun Rotary ta yi musu magani tun da daɗewa: kuɗi a aljihun mutum ɗaya, shugaban da ba ya sauka, da ɗan siyasa. Na ukun ya fi saurin kisa. Ranar da ɗan takara ya kawo muku buhun shinkafa da riguna masu hotonsa, rabin 'yan ƙungiya sun zama 'yan adawa, bayan zaɓe kuma ba kowa. Ku rubuta a tsarin mulkinku cewa ƙungiya ba ta da ɗan takara. Wanda zai ba da gudummawa ya bayar a rubuta a littafi, a karanta a gaban kowa.

Ku tsayar da ranar zama kada ta motsa, ko mutum biyar ne suka zo a zauna. Ku sa zubi kaɗan wanda mai faci da ɗan acaɓa za su iya ba tare da sun ji a jikinsu ba, don ƙaramin zubin da ba ya yankewa ya fi babbar gudummawar da ake jira. Kuɗi su kwana a banki da sa hannun mutum biyu ko uku, ma'aji ya karanta abin da ya shiga da abin da ya fita a kowane zama, ko da naira ɗari biyar ce. Shugaba ya yi shekara ɗaya ko biyu ya sauka, amma ku gyara kuskuren da na ambata: kowane sabon shugaba ya fara da zagaya ayyukan da ya gada kafin ya taɓa sabo. Ku nemi mutane masu sana'a daban-daban, don ranar da za a yashe kwata mai baro da birkila sun fi mai digiri amfani, ranar rubuta wa ƙaramar hukuma takarda kuma a nemi mai digirin. Kada ku manta da mata, su ke shiga inda ba ku shiga. Kuma kafin komai ku je ku gai da mai unguwa da limamin masallacinku, ku sa dattijo ɗaya ko biyu su zama iyayen ƙungiya, masu raba rigima ba masu riƙe kuɗi ba.

In kuna son alaƙa da Rotary, hanya uku ce. Masu shekara 18 zuwa sama suna da Rotaract, wadda ta fi yawa a jami'o'i da manyan makarantu kuma kuɗinta bai kai na manya ba. Akwai kuma tsarin da suke kira Rotary Community Corps, inda mutanen unguwa da ba mambobi ba ke kafa rukuninsu, wani kulob ya tsaya musu. Ta ukun ita na fi ba ku shawara a yanzu: ku tsaya da ƙafarku a matsayin ƙungiyar unguwa, ku yi rajista da ƙaramar hukuma, in kun yi ƙarfi ku je CAC, hukumar rajistar kamfanoni da ƙungiyoyi ta ƙasa. Ku yi shekara guda kuna ƙananan ayyuka da kuɗinku, yasar kwata kafin damina, gyaran maƙabarta, kai mara lafiya asibiti, kuna ajiye rasit da hotuna. Bayan nan ku rubuta wa kulob mafi kusa da ku takarda a kan buƙata ɗaya tak, da ƙiyasin kuɗinta, da abin da ku za ku sa, da sunan wanda zai kula da aikin bayan an gama. Ku kai ta wajen watan Afrilu ko Mayu, lokacin da shugaba mai jiran gado ke tsara ayyukan shekararsa, ku tafi da littafin ma'ajinku a hannu.